Silinda da kon a kanta: ina 308 ta shiga?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum 'yan gida. Wata tambaya ce ta tsaya min a maƙogwaro, ku taimaka. An ba mu haɗaɗɗiyar siffa: silinda mai radiyas santimita 7 da tsayi santimita 10, an ɗora mata kon a kai, gindinsa daidai da murfinta, tsayinsa daga gindi zuwa tsini santimita 24. Ana neman girman filin wajenta gaba ɗaya, kuma an ce a ɗauki π a matsayin 22/7.

Ga yadda na bi. Silinda: 2πr² + 2πrh, wato 308 + 440 = 748. Shi kuma kon na fara nemo tsawon gangarensa, √(7² + 24²) = 25, sannan πr² + πrl, wato 154 + 550 = 704. Na tara biyun na samu 1452. Amsar da ke bayan littafi kuwa 1144 ce. Na sake bin ninki da tarawa ban ga inda na zame ba. To ina 308 ta shiga?

Ɗan Aji Shida:
Wa alaikumus salam. Ai wurin da suka haɗu ne ba ki cire ba. Da'irar nan ta tsakiya ba a ganinta, sai ki debe 154. Sai dai fa hakan 1298 yake bayarwa. Anya ba masu buga littafin ne suka kwafsa ba?

Malamin Lissafi:
Littafi bai kwafsa ba. Ɗan Aji Shida, ka kama hanya amma ka tsaya a rabi. Da'ira biyu ne suka ɓuya a wurin haɗin nan. Da ta lissafa silinda ita kaɗai, ta ƙirga murfinta na sama, 154. Da ta lissafa kon shi kaɗai, ta ƙirga gindinsa, wata 154. Da aka manna su sai murfi ya rufe gindi, gindi ya rufe murfi, duka biyun suka koma ciki. 154 sau 2, ga 308 ɗinki nan.

Amma ni ba na son ɗalibi ya tara abin da zai dawo ya cire. Ki ɗauka an tsoma siffar nan cikin bokitin fenti an ciro ta. Ina da ina fenti ya taɓa? Da'irar ƙasa, 154. Bangon silinda, 440. Gangaren kon, 550. Shi ke nan, babu na huɗu. Jimla murabba'in santimita 1144. Kafin ki rubuta ko da lamba ɗaya, jera sunayen fuskokin da ke waje tukuna, sannan ki nemi girman kowacce.

Mai Neman Sani:
Kai! Ashe abin a fili yake. Na gode Malam, Allah ya ƙara sani.

Tsohon Injiniya:
Malam, amsarka daidai ce, amma ban yarda a raina hanyar yarinyar nan ba. Abin da ta yi rabin ingantacciyar hanya ne: tara filin kowane sashe cikakke, sannan ka debe filin haɗuwa sau biyu. Ƙa'ida ce guda ɗaya mai aiki ko'ina, ba ta dogara da ko idonka ya hango kowace fuska a zane ba. Mai ƙirga fuskoki shi ne yake manta ta baya da ta ƙasa, domin zanen littafi gefe uku kawai yake nuna maka. Na sha ganin haka a wurin manya ma, ba yara kaɗai ba.

Malamin Lissafi:
Baba Injiniya, ba na musun ƙa'idar. Matsalata da ita, yaro yana haddace "debe sau biyu" bai san me yake debewa ba. Ka canza masa tambaya kaɗan ka gani. A ce kon ɗin nan radiyas ɗinsa 5 ne, silinda tana nan a 7. Wace da'ira zai debe sau biyu? Da yawa za su cire murfin silinda dungurungum su cire gindin kon, alhali akwai zobe da ya rage a fili kewaye da gindin kon, mai girman π(7² − 5²) = 24π. Wanda ya saba tambayar kansa "ina fenti zai taɓa" ba zai tsallake zoben nan ba.

Tsohon Injiniya:
To ai ni ma ban ce a cire fuska ba, filin haɗuwa na ce. A misalinka filin haɗuwa shi ne ƙaramar da'ira, 25π, ita ake debewa sau biyu, zobe kuma ya tsira da kansa ba tare da an neme shi ba. Wannan ma ai hujjata ce ka kawo.

Malamin Lissafi:
A hannunka hujja ce. A hannun ɗan shekara goma sha huɗu da ke cikin zafin jarabawa, tarko ce.

Malama Mai Alli:
Ku biyun nan za ku kwana kuna ja. Ni dai abin da nake sa ɗalibaina su yi: su bi ta ƙirga fuskoki, in lokaci ya rage su gwada amsar da hanyar Baba Injiniya. In biyun suka zo daidai, hankali ya kwanta.

Abin da ya fi cinye maki a wurina ma ba wannan ba ne, da'irar ƙasa ce. A saka ta ko a bar ta? Lissafi ba zai gaya maka ba, kalmomin tambayar ne za su gaya maka. In an ce dunƙulalliyar siffa ce kuma ana son filin wajenta duka, ta ƙasa tana ciki ko da a kan tebur take zaune. In kuwa aka ce tanti ne, ana neman yadin da za a ɗinka shi, ƙasa ba ta ciki, amsar wannan siffar sai ta koma 990. Lambobi iri ɗaya, zane iri ɗaya, amsa daban. Ku riƙa karanta tambaya sau biyu, don Allah.

Ɗan Aji Shida:
Malama, akwai wanda na gani ya samu 1122 a irin wannan. Daga ina tasa ta fito?

Malama Mai Alli:
Ya sa 24 a gurbin 25 ne. 22/7 × 7 × 24 = 528, a tara da 154 da 440, ga 1122. Tsayin 24 a cikin kon yake, daga tsakiyar gindi ya miƙe zuwa tsini, ba ya kan fatar siffar ko kaɗan. Girman ciki ake nema da shi. Filin waje kuwa gangare yake bi.

In kana so ka ga dalili da idonka, naɗe takarda ka yi kon, ka yanka shi daga baki zuwa tsini, ka shimfiɗa. Yankin da'ira za ka gani. Radiyas ɗin yankin shi ne gangare, l, lanƙwasasshen bakinsa kuma shi ne kewayen gindin kon, 2πr. Filin yanki rabin bakin ne sau radiyas: ½ × 2πr × l = πrl. Ka ga tsayin tsakiya bai fito ko'ina ba. Aikinsa kawai ya taimaka a nemo l ta ƙa'idar Paitagoras.

Mai Ƙwaƙwa:
Bari in jefo wata dabara da ba kowa ke lura da ita ba. Kiyub mai gefe 10, an tsayar da silinda mai radiyas 3 da tsayi 5 a kansa. Ba sai ka cire komai ba. Da'irar da silinda ta rufe a kan kiyub, murfinta na sama ya biya ta daidai wa daida. In ka leƙo daga sama, cikakken murabba'i 10 sau 10 za ka gani. Saboda haka amsa ita ce kiyub cikakke, 600, da bangon silinda, 2π × 3 × 5 = 30π. Kusan 694.2. Layi biyu an gama.

Malamin Lissafi:
Dabara ce mai kyau, ina amfani da ita, amma a san iyakarta. Tana aiki ne in abin da aka ɗora samansa shimfiɗaɗɗe ne kuma daidai yake da gindinsa. Ɗora rabin ƙwallo mai radiyas 3 a maimakon silinda ka gani. Ya rufe 9π, ya kawo 2πr² = 18π. Amsa 600 + 9π, kusan 628.3. Daga sama da'ira za ka hango, amma tudu ne, filinsa ninki biyu ne na da'irar da yake zaune a kai.

Ga tambaya gare ku: in maimakon a ɗora rabin ƙwallon, sai aka ƙwaƙule ramin rabin ƙwallo mai radiyas 3 a saman kiyub ɗin, nawa ne filin waje?

Ɗan Aji Shida:
600 − 9π, tunda yanzu cirewa aka yi.

Mai Neman Sani:
Ni kuma ina ganin 600 + 9π ce dai. Da'irar bakin ramin ta tafi, an rasa 9π. Amma cikin ramin yanzu a buɗe yake, fenti zai shiga, kuma filinsa 18π ne.

Malamin Lissafi:
Ta ci. Tudu da rami filinsu ɗaya, girman ciki ne ya bambanta. Ɗan Aji Shida, tunanin girman ciki ne ka ɗauko ka kawo nan, kuma shi ne tushen yawancin kurakuran wannan babi. A girman ciki, in an ƙara sashe ka tara, in an cire ka debe, magana ta ƙare. Filin waje ba ya bin wannan doka. Kana iya cire abu fili ya ƙaru, kana iya cirewa ya ragu, kana iya cirewa bai motsa ba.

Ɗan Aji Shida:
Ya ƙaru na gane yanzu. Amma a cire abu kuma bai motsa ba? Malam, sai na gani.

Malamin Lissafi:
Gani ya kori ji. Jera ƙananan kiyub 27 su ba da babba mai 3 sau 3 sau 3. Kowace fuska tana da ƙananan murabba'i 9, fuska 6, jimla 54. Zare ɗaya daga kusurwa. Fuskokinsa uku ne ke waje, sun tafi. Amma zare shi ya tone fuska uku na maƙwabtansa. 54 tana nan. Mayar da shi, ka zare na tsakiyar wani gefe: biyu sun tafi, huɗu sun bayyana, 56. Mayar, ka zare na tsakiyar fuska: ɗaya ta tafi, biyar sun bayyana, 58. Kiyub ɗaya aka cire kowane karo, amsa uku daban.

Mai Ƙwaƙwa:
In kuma ka zare na tsakiyar fuskokin shida duka, ka haɗa da na can ƙuryar ciki, saura kiyub 20. A waje kowace fuska saura 8, wato 48. Ramuka shida kowanne da bango huɗu, 24. Jimla 72. An kwashe 7 cikin 27 na jiki, fili ya tashi daga 54 zuwa 72. Wani masanin lissafi ɗan Ostiriya, Karl Menger, ya bayyana a 1926 abin da ke faruwa in aka yi ta maimaita wannan a kan kowane ƙaramin kiyub ba tsayawa: girman ciki yana ta raguwa zuwa sifiri, fili kuma yana ta hauhawa ba iyaka.

Malama Mai Alli:
Mai Ƙwaƙwa, kada ka firgita mana yara, ba za a kawo musu wannan a jarabawa ba. Abin da za a kawo shi ne rami mai zagaye da aka huda, kuma nan ma akwai abin lura. In ramin ya fasa ta ɗaya gefen, an rasa da'ira biyu, 2πr², an samu bangon rami, 2πrh. Wanne ya fi? Ya danganta ga h da r. Kiyub mai gefe 10, rami mai radiyas 2: an rasa 8π, an samu 40π, amsa 600 + 32π, kusan 700.5, fili ya ƙaru. Amma farantin ƙarfe mai 20 sau 20 da kauri 2, filinsa 960, a huda masa rami mai radiyas 5: an rasa 50π, an samu 20π kacal, ya sauka zuwa kusan 865.8. In kaurin abin ya fi radiyas ɗin ramin, fili ya ƙaru. In bai kai ba, ya ragu. In sun zo daidai, ba canji.

Ramin da bai fasa ba kuwa ya fi sauƙi. Ƙasan ramin ya biya bakinsa, sai ka tara bango kawai.

Mai Walda:
Salamu alaikum malamai. Ni ba ɗan makaranta ba ne, aikin ƙarfe nake yi, amma ina bin zancen nan tun farko. Tambayata a kan tanki ce, irin dogon nan na kwance mai kumburarren kai a kowane gefe. In zan ƙiyasta farantin da zai ci ko fentin da zai sha, jikin tsakiya ba ya ba ni wahala: in zagaya tef in sami kewaye, in ninka da tsawo. Kawunan ne kullum nake yi da ka. Akwai hanyar da ta fi wannan?

Tsohon Injiniya:
Akwai, ɗan'uwa, kuma za ta yi maka daɗi. In kawunan cikakken rabin ƙwallo ne, kada ka raba tankin kashi uku ma. Auna kewaye, auna tsawon tankin gaba ɗaya daga ƙarshen wannan kai zuwa ƙarshen wancan a miƙe, ka ninka. Shi ke nan.

Ga misali. Radiyas mita 1, tsawo duka mita 6. Kawuna biyu sun ci mita 2, jikin tsakiya saura mita 4. Jiki: 2π × 1 × 4 = 8π. Kawuna biyu sun haɗa ƙwallo guda: 4π. Jimla 12π, kusan murabba'in mita 37.7. Yanzu gwada gajeriyar hanya: kewaye 2π sau tsawo 6, 12π. Daidai suke, ba kusan daidai ba.

Mai Walda:
Ikon Allah. Ranka ya daɗe, ta yaya kai mai lanƙwasa zai zo daidai da miƙaƙƙen bango? Ai kan yana tsukewa.

Tsohon Injiniya:
Yana tsukewa, amma yana kuma kwantawa, kuma abin da tsukewa ta rage, kwantawa ta mayar. Ka yanka siririn zobe a jikin ƙwallo kusa da ƙarshensa: kewayensa ƙarami ne, amma saboda fatar ta karkata, faɗinta ya fi kaurin yankan. Biyun suna biyan juna daidai a kowane wuri. Arkimidis na birnin Sirakus a tsibirin Sisili ne ya tabbatar da wannan tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa: filin ƙwallo daidai yake da bangon silindar da ta rungume shi cif, 2πr × 2r = 4πr². In ka haɗa da murafun silindar biyu ta zama 6πr², ƙwallo kashi biyu cikin uku ke nan, kuma haka rabon yake a girman ciki. Abin ya burge shi har ya nemi a sa ƙwallo da silinda a kan kabarinsa. An kashe shi a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa lokacin da Romawa suka ci birnin, kuma Sisero, wani marubuci ɗan siyasar Roma, ya ba da labarin cewa da wannan alamar ya gano kabarin a cikin ƙayoyi a shekara ta 75 kafin haihuwar Annabi Isa, sa'ad da yake aikin gwamnati a Sisili.

Mai Walda:
To amma Baba, gaskiya yawancin tankunan da nake gani kansu bai kai rabin ƙwallo ba. Kumburin kaɗan ne.

Tsohon Injiniya:
Ka yi gaskiya, kuma nan gajeriyar hanyar ba ta aiki, kada ka yi amfani da ita. In kan yankin ƙwallo ne, wato lanƙwasarsa iri ɗaya ce tun daga baki har tsakiya, auna abu biyu: radiyas ɗin bakin, a, da zurfin kumburin, h. Filinsa π(a² + h²). Gwada ta ka gani: in babu kumburi, h sifiri ne, ta ba ka πa², shimfiɗaɗɗiyar da'ira. In h ya kai a, ta ba ka 2πa², rabin ƙwallo. Baki mai radiyas mita 1 da zurfi rabin mita: π × 1.25, kusan 3.93.

Akwai kuma wani kan da ake yawan yi wa tankunan da ke ɗaukar matsi, wanda zurfinsa rabin radiyas ne amma yana lanƙwasa sosai a kusa da baki, tsakiyarsa ta ɗan baje. Shi filinsa kusan 4.34r² ne. Zurfi ɗaya da na misalin sama, amma ya fi shi cin ƙarfe. Sai ka duba wanne ke gabanka. Ka kuma tuna lissafin nan filin tankin da aka gama yake ba ka, bai san da abin da za ka zubar wurin yanka ba.

Mai Walda:
Wannan kam na rubuta a bangon shago. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Aji Shida:
Ni har yanzu akwai abin da ke damuna a tambayar farko. Na danna a kalkuleta da maɓallin π na samu 1143.54. Da 3.14 kuma 1142.96. Littafi ya ce 1144. Wacce ce ta gaskiya?

Malamin Lissafi:
Ta gaskiya ita ce 364π. Duba: 49π + 140π + 175π. Sauran duk kusantowa ce, ta kalkuleta ta fi matsowa. 22/7 ta ɗan fi π, shi Arkimidis ɗin nan da Baba ya ambata shi ya nuna π tana tsakanin 223/71 da 22/7. Babu ma wata lamba bisa lamba da za ta zo daidai da π, masanin lissafi Johann Lambert ya tabbatar da haka a 1761. A jarabawa ka bi wadda aka ce ka bi. In ka ga radiyas 7 ko 14 ko 21, mai tambaya ya shirya wa 22/7 ne don bakwai ta cinye bakwai.

Shawarata, ka bar π a matsayin harafi har layin ƙarshe. Ka tara 49 da 140 da 175 tukuna, ka ninka sau ɗaya. Mai ninka kowane sashe daban yana yanke wutsiyar lamba sau uku, kuskuren yana taruwa, ga ɓata lokaci.

Malama Mai Alli:
A ƙara da awo. Wani zane zai ba ka tsayi da mita, radiyas da santimita, da gangan. Mayar da su iri ɗaya kafin ka fara. In kuma sai a ƙarshe za ka juya, murabba'in mita ɗaya murabba'in santimita 10,000 ne, ba 100 ba.

Mai Ƙwaƙwa:
Baba Injiniya, ina so in dawo kan ƙa'idarka ta "debe filin haɗuwa sau biyu" da ka ce tana aiki ko'ina. Ƙwallo a kan kiyub fa? Ko silinda a kwance a kan akwati?

Tsohon Injiniya:
Tana aiki. Ƙwallo a ɗigo ɗaya yake taɓa kiyub, silinda a kwance kuma a layi ɗaya. Ɗigo da layi ba su da fili. Ka debe sifiri sau biyu, ka tara su cikakku.

Mai Ƙwaƙwa:
To bututu biyu masu kauri ɗaya da suka ratsa juna a gicciye?

Tsohon Injiniya:
Ka kama ni a nan, ɗan nema. Waɗannan ba jingina suka yi da juna ba, shiga cikin juna suka yi, saboda haka babu wani shimfiɗaɗɗen filin haɗuwa da za a ninka biyu. Sai dai a tambaya: wane ɓangare na bangon kowanne ne ya nutse cikin ɗan'uwansa? Amsar tana buƙatar lissafin da ya wuce na sakandare, amma tana da kyau: kowane bututu yana rasa 8r², biyun 16r². Ko π babu a ciki, duk da cewa komai a wurin zagaye ne. Dunƙulen da biyun suka yi tarayya a kai ana kiransa da sunan wani injiniya, Steinmetz.

Malamin Lissafi:
Wato dai a ƙarshe Baba ya dawo yana tambayar ina fenti zai taɓa.

Tsohon Injiniya:
A wannan guda ɗaya, Malam. Kada ka yi saurin buga ganga. A kan duk abin da aka jingina ko aka manna, ina nan a kan bakana.

Malama Mai Alli:
Kafin ku sake sabon zagaye, bari in ba yaran aiki. Akwati mai tsawo 18, faɗi 10, tsayi 6, duk santimita. An ɗora masa dala a kai, gindinta daidai da saman akwatin, tsininta yana bisa tsakiya, tsayinta 12. Dunƙulalliya ce, ana son filin waje duka. Wanda ya gama ya ƙara da wannan: an huda rami mai radiyas 2 da zurfi 3 a ƙasan akwatin.

Ɗan Aji Shida:
Ƙasa 18 × 10 = 180. Bango huɗu, kewaye 56 sau 6 = 336. Saman akwati da gindin dala sun ɓuya. Gangaren dala √(12² + 5²) = 13. Alwatika huɗu: ½ × 56 × 13 = 364. Jimla 880.

Malama Mai Alli:
Biyun farko daidai. Sake duba dalar. Gindinta murabba'i ne mai gefe ɗaya?

Mai Neman Sani:
Malama, ina ganin gangare biyu ne a nan. Daga tsakiyar gindi zuwa dogon gefe, rabin faɗi ne, 5, gangaren ya zama 13. Wannan na alwatika biyu masu gindi 18 ne: 2 × ½ × 18 × 13 = 234. Daga tsakiya zuwa gajeren gefe kuwa rabin tsawo ne, 9, gangaren √(12² + 9²) = 15. Na masu gindi 10 ke nan: 2 × ½ × 10 × 15 = 150. Dala 384. A tara da 180 da 336, murabba'in santimita 900.

Ramin kuma zurfinsa 3 ne, akwatin 6, bai fasa ba. Ƙasansa ya biya bakinsa, bango kawai zan ƙara, 2π × 2 × 3 = 12π. Ya zama 900 + 12π, kusan 937.7.

Malama Mai Alli:
Haka yake, duka biyun. Ɗan Aji Shida, 13 ɗinka ba laifi, wuri biyu kawai ya kamata ka sa ta, ka sa ta wuri huɗu. A lura kuma da wane gangare ke tafiya da wane gefe: gajeren gangare na dogon gefe ne. Masu juya su suna samun 270 da 130, dala ta zama 400, jimla 916.

Tsohon Injiniya:
Ta hanyata: akwati cikakke 2(180 + 108 + 60) = 696, dala da gindinta 384 + 180 = 564, jimla 1260, a debe 180 sau biyu. 900.